Sawun da Babu Farce

Da asuba Barau ya dawo daga gindin Kufena,
bindigarsa ba ta yi tari ba, burgaminsa wayam.
Ya ce ya ga sawu a laka, a bakin rafi,
ya kai tafin hannun yaro, kuma babu farce.
Kare na barin farce, kura ma tana bari.
Mai ɓoye makaminsa in yana tafiya
sunansa ɗaya ne a dawa.

Kafin hantsi labari ya kai Ƙofar Kuyambana,
maharba suka baje buzu a inuwar rimi.
Ni ina gefe ina goge bindiga da mai,
yaron Baba Cindo ne ni, aikina ɗaukar gora
da kame baki in manya na tattaunawa.

Jatau ya buga cinya: "Yau na gane!
Damina uku ban saɓa gada a kafaɗa ba,
barewa ta koma tatsuniya a gidana,
zomo ma, ka ci gudun, ka rasa zomon.
Ashe akwai mai ci da mu da bai zo gayya ba!
A haɗa karnuka, a ɗura albarushi,
in ta kwana bakwai a dutsen nan
ku cire mini layun da nake ratayawa."

Tanimu mai tarko ya tofar da goro.
"Damisa ɗaya, ciki ɗaya, Jatau.
Ta kama guda, ta kai shi reshe,
ta kwana uku tana lallaɓawa.
Je ka Wusasa ka tambayi masu masara
wa ke sarauta tun da ta ɓace.
Biri na karya zangarniya da rana tsaka,
gadu na tonon rogo kamar gonar ubansa,
don babu mai sa su waiwayawa."

Hayaniya ta tashi, kowa da lissafinsa,
wani ya ce tana cin ɗari a shekara,
wani ya ce gurgu da tsoho take ɗauka.
Baba Cindo dai na murza taba a tafi.
Da aka gaji, ya ce:
"Ina saurayi, takan yi gurnani a kan dutsen nan
kamar ana yanka katako,
kuma a shekarun ne gada ke shiga gonar gero.
Tana nan, suna nan. To, wa ya zo daga baya?
Wa ya ɗaura fitila a goshi?
Wa ya cinna wa ciyawa wuta don gafiya guda?
Ni na harbi gada mai ciki, sau biyu.
Laifi tudu ne, ga ni a kan nawa."
Ba wanda ya amsa. Jatau ya sosa ƙeya,
ya ce shi dai sai ya je ya gano.

Da la'asar muka bi Barau a layi,
muka wuce filayen da aka kafa wa duwatsun shaida,
da gidan bulo da ba a rufa ba,
har bakin rafin.
Tifar yashi ta riga mu.
Taya ta bi ta kan lakar, ta dawo ta bi,
babu sawu, sai zanen roba
da ɗigon baƙin mai a kan ruwa.

Barau ya rantse nan ne. Jatau ya ce kare ne.
Baba Cindo ya durƙusa da ƙyar,
ya daɗe yana shafa ƙasar da yatsa.
Shekara talatin rabonsa da ita.
A hanyar gida ya ce da ni a hankali:
"Kada ka gaya musu, yaro,
addu'a nake yi a ce gaskiya ne."

Mun shigo gari da fakara biyu.
Mu tara ne za mu raba.